Babi na Shida: Attajiri a Takarda

Ranar Talata, 19 ga Nuwamban 2024, manoma fiye da 10,000 suka cika titin Whitehall da ke tsakiyar Landan, inda ma'aikatun gwamnatin Birtaniya suke a jere, taku kaɗan daga gidan Firaminista. Gari ya yi sanyi, ga ruwa yana sauka. Sun taso tun daga Cornwall, da tsaunukan Wales da Cumbria, sun baro shanu da tumaki a gida. Yara ƙanana a kan taraktocin wasa ne suka ja gaba, allunan da ke hannun iyayensu kuma maganarsu kusan ɗaya ce: in babu manomi, babu abinci. Wanda ya san manomin Ingila ya san ba ƙaramin abu ne zai fito da shi titi ba. Ba irin takwaransa na Faransa ba ne, wanda da ransa ya ɓaci sai ya juye tirelar kashin shanu a ƙofar ofishin gwamnati. Bayan mako uku suka sake dawowa, wannan karon da taraktoci na gaske, ɗaruruwa, suna danna oda a ƙofar majalisa.

Abin da ya fito da su wani ɗan sashe ne a kasafin kuɗin da Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta karanta ranar 30 ga Oktoba, jam'iyyar Leba ba ta ko cika wata huɗu a kan mulki ba.

A Birtaniya idan mutum ya mutu, kafin magada su taɓa komai sai an ƙiyasta duk abin da ya bari. Fam 325,000 na farko ba a taɓa shi. In gidan da yake zaune 'ya'yansa ya bar wa, ana ƙara masa rangwamen fam 175,000. Abin da miji ya bar wa mata, ko mata ta bar wa miji, babu haraji a kansa, kuma rangwamen wanda ya riga cikawa yana komawa kan wanda ya rage. Duk abin da ya haura haka, gwamnati na ɗaukar kashi 40 cikin 100. Harajin ya yi ƙaurin suna, amma masu biyansa kaɗan ne, domin a cikin mamata 100 da ƙyar dukiyar mutum 5 take kai inda za a caje ta.

Gonar da mai ita ke nomawa kuwa, tun 1992, ba ta shiga wannan lissafi ba ko kaɗan. Eka 50 ce ko eka 50,000, sai ta wuce daga uba zuwa ɗa ba a cire ko kwabo ba. Wannan ne Reeves ta ce ya ƙare. Daga 6 ga Afrilun 2026, in ji ta, fam miliyan 1 na farko na gona da kayan sana'a ne kawai za a yafe. Abin da ya haura za a biya rabin haraji a kansa, wato kashi 20, kuma an yarda a rarraba biyan cikin shekara 10 ba tare da kuɗin ruwa ba. Gwamnati ta ƙara da cewa idan aka tattara dukkan rangwamen, miji da mata za su iya bar wa 'ya'yansu gonar da ta kai fam miliyan 3 ba haraji.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce ai gata aka yi musu. Likita ko ɗan kasuwar da ya mutu ya bar gida da ajiyar banki na fam miliyan 2, magadansa kashi 40 za su biya a kan abin da ya haura rangwame, kuma bayan wata 6 kuɗin ruwa zai fara hawa. To mene ne na kuka ga wanda aka ce ya biya rabin haka cikin shekara 10?

Na san mai karatu ya riga ya ɗauki ɓangare tun kafin a kai nan. A wurinmu dukiyar mamaci ta magada ce, Allah ne ya raba ta da kansa, hannun hukuma a cikinta kuwa abin ƙyama ne tun tuni. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci cikin ɗabi'un sarakunan zalunci. A daidai watannin da manoman Ingila ke kan titi, Najeriya ma ana ta ce-ce-ku-ce kan ƙudurorin gyaran haraji na Shugaba Tinubu, kuma cikin abubuwan da suka fi tayar da hankali a Arewa har da zargin an cusa harajin gado a ciki, zargin da shugaban kwamitin gyaran, Taiwo Oyedele, ya sha musantawa. Amma sai a lura da wani bambanci. Gonar Bahaushe ba ta buƙatar haraji kafin ta tsinke. Mai gandu ya rasu ya bar maza biyar da mata huɗu, rabon gado kaɗai ya isa ya mai da gona guda 'yan ficificin gonaki, jikoki kuma su sake yanka abin da ya rage. A Ingila mutum yana da ikon rubuta wasiyya ya bar wa ɗa guda komai, kuma haka manoma da yawa suke yi: gona ta tafi ga wanda ya zauna yana nomanta, 'yan'uwansa su haƙura da ɗan abin da ya samu. Saboda haka gona guda takan yi shekara ɗari a dunƙule a hannun gida ɗaya, tana ma ƙara faɗi. A ƙasar da rabon gado ba ya raba ƙasa, haraji ne kaɗai ya rage da zai iya girgiza ta.

Ya kuwa taɓa girgiza ta. Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ban ji an ɗaga a allo ba ranar zanga-zanga. A 1894 Sir William Harcourt, Ministan Kuɗi na lokacin, ya kafa harajin dukiyar mamaci na zamani, mafi tsananinsa kashi 8. A wancan zamani manomin Ingila ɗan haya ne. Ƙasa ta manyan gidajen sarauta ce, masu ƙauyuka sukutum, shi kuwa ya noma ya biya kuɗin haya duk shekara. A 1914 kimanin kashi 11 cikin 100 na ƙasar noma a Ingila da Wales ne kawai ke hannun masu nomanta. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye magadan manyan gidaje, haraji ya yi ta hawa, wani gidan ma ya biya sau biyu cikin 'yan shekaru saboda uba ya mutu ɗa ya bi shi. Masu ƙasa suka shiga sayarwa, masu saye kuma galibi 'yan hayan da ke kanta ne. Zuwa 1927 adadin ya kai kashi 36. Harajin kansa bai tsaya ba sai da ya kai kashi 80 a kan manyan dukiyoyi bayan Yaƙi na Biyu. Ke nan da yawa daga cikin gonakin gadon da aka fito karewa a Whitehall, kakannin masu su sun same su ne a lokacin da harajin gado ya tilasta wa wani basarake sakin ƙasa. Ba haraji kaɗai ya yi aikin ba, amma yana cikin manyan dalilai.

Daga baya iska ta juya. A 1975 gwamnatin Leba ta sake fasalin harajin, ta yi wa manoma sassauci, amma da sharaɗin mutum ya kasance noman ne sana'arsa, kuma an ƙayyade iyakar faɗin gonar da sassaucin zai shafa. Gwamnatocin jam'iyyar Conservative suka yi ta sassauta sharuɗɗan. A 1992, zamanin John Major, aka mai da yafiyar ɗari bisa ɗari ga mai noma gonarsa, a 1995 aka haɗa har da ƙasar da aka bayar sabuwar haya. Abin da ake nema kawai shi ne ka riƙe ƙasar shekara 2 ana noma da sunanka, ko shekara 7 in haya ka ba da ita. Ba sai ka taɓa hawa tarakta ba. Kana iya zama a Landan ka ɗauki ɗan kwangila ya shuka ya girbe.

Masu kuɗi ba su yi barci ba. Mutumin da ya tara fam miliyan 20 a kasuwar hannun jari ya san in ya mutu a haka kusan miliyan 8 za su tafi baitulmali. A wancan tsari, in ya zuba su a ƙasar noma, bayan shekara 2 ba abin da zai tafi. Masu ba da shawara kan haraji suka mai da wannan sana'a. Jeremy Clarkson, tauraron talabijin da ya sayi gona mai kimanin eka 1,000 a Oxfordshire a 2008, ya taɓa gaya wa jaridar The Times a 2021 cewa kauce wa harajin gado babban dalili ne na sayen. Shi ne kuma ya zama fuskar zanga-zangar, har wata 'yar jaridar BBC ta tuna masa maganarsa a tsakiyar taro, ya fusata. Sir James Dyson, attajirin injinan shara, yana da eka kusan 36,000, yana cikin mafiya yawan ƙasar noma a Ingila, kuma yana cikin waɗanda suka fi caccakar kasafin. A yi masa adalci, gonakinsa noma ake yi a cikinsu na gaske, da jari mai yawa. Amma babu mai ce da su gonar iyali.

Farashin ƙasa ya ninka fiye da sau uku daga farkon shekarun 2000, har eka guda ta ƙasar alkama mai kyau ta kai fam 10,000 ko fiye. Ba yafiyar haraji kaɗai ta jawo haka ba. Akwai masu gine-gine, da kamfanonin da ke sayen fili su dasa itatuwa, da attajiran birni masu sha'awar gidan ƙauye da doki, da manoman da suka sayar da fili a bakin gari da tsada suka koma sayen wani don kauce wa harajin riba. Amma yafiyar tana ciki tsundum. Kamfanin dillancin filaye na Strutt & Parker ya ba da rahoton cewa a 2023 fiye da rabin gonakin da aka sayar a Ingila ba manoma ne suka saye su ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Kuɗin gona ya daina bin abin da gona ke bayarwa.  Manyan kantuna kaɗan ne ke sayen yawancin abincin ƙasar, su suke yanka farashi. Ribar da manomi ke samu a kan jarin da ke ƙarƙashin ƙafarsa sau da yawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Mutum yana tsaye a kan miliyoyi, yana tashi da asuba tatsar shanu ranar Kirsimeti da ranar da ba Kirsimeti ba, abin da yake kaiwa gida kuma bai fi albashin malamin makaranta ba.

Bari mu yi lissafi da wata gona ta misali. Eka 300 a kan fam 10,000, miliyan 3 ke nan. A ƙara gidan gona, da rumbuna, da taraktoci, da injin girbi, da dabbobi, a ce miliyan 1. Jimla fam miliyan 4. Mai ita dattijo ne, matarsa ta rasu, ɗansa ke aikin. A tsarin da Reeves ta fara sanarwa, a cire miliyan 1, saura 3. A raba biyu, saura miliyan 1 da rabi. A cire rangwamensa da na marigayiyar, fam 650,000, saura 850,000. Rangwamen gida babu shi, domin yana zaizayewa da zarar dukiya ta wuce miliyan 2. Kashi 40 na abin da ya rage fam 340,000 ne, wato 34,000 duk shekara har shekara 10. In gonar tana ba da kashi 1, ribarta 40,000 ce. Saura 6,000 da za a ci, a sha, a gyara tarakta. Ba wanda zai iya. Sai dai a yanki eka 30 ko 40 a sayar, gonar da dama da ƙyar take riƙe gida ɗaya ta ƙara tsukewa. Wa zai saya? Maƙwabcin da ke cikin irin wannan hali ba shi da kuɗin. Mai saye shi ne attajirin nan, wanda har yanzu kashi 20 ya fi masa kashi 40 sauƙi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Gwamnati ta amsa da cewa irin wannan gona ba ta da yawa, daga nan aka shiga yaƙin alƙaluma da ya ɗauki watanni. Baitulmali ta ce dukiyar mamata kusan 500 ce abin zai shafa a shekara, kuma kashi uku cikin huɗu na masu neman yafiyar ba za su biya ƙarin komai ba. Ta fito da wani adadi mai nauyi: a shekarar haraji ta 2021 zuwa 2022, dukiyoyi 117 kacal, kashi 7 na masu nema, su suka kwashe kashi 40 na dukkan yafiyar, fam miliyan 219. Ƙungiyar masu filayen karkara ta CLA ta ce gonaki 70,000 ne ke cikin haɗari. Ƙungiyar manoma ta NFU, ƙarƙashin Tom Bradshaw, ta ce kusan kashi 75 na gonakin iyali da ake noma don kasuwa sun haura iyakar.

Ba lallai a ce wani ya yi ƙarya ba. Baitulmali mamatan shekara guda take ƙirgawa, ƙungiyoyin kuma gonakin da ke raye, waɗanda masu su za su mutu a hankali cikin shekara 30 ko fiye. Lissafin gwamnati ya haɗa da duk wanda ya bar ɗan fili na eka 10 a bayan gida, wanda ba manomi ba ne, wannan kuwa yana rage kason manyan gonaki a ido. Lissafin ƙungiyoyin shi kuma ya ɗauki kowace gona kamar ta mutum ɗaya ce, alhali da yawa na miji da mata ne ko na 'yan'uwa, kowa da rangwamensa, wasu kuma da bashin banki da za a cire. Kowa ya zaɓi mudun da ya fi masa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar kuɗin da ake faɗan a kai. Gwamnati ta yi hasashen kimanin fam miliyan 500 a shekara, har da na kamfanonin iyali da ba na noma ba, a kasafin da ya haura fam tiriliyan 1.

Da a ce lokacin yalwa aka zo da maganar, wataƙila da ba ta yi zafi haka ba. Ta zo ne bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ana janye tallafin da manoma suka saba karɓa gwargwadon faɗin gona, taki da mai sun yi tsada tun yaƙin Yukren, ruwan sama ya lalata shukar 2024 har girbin Ingila ya zama cikin mafiya muni da aka taɓa rubutawa. Sannan ga cin amana. Kafin zaɓe Steve Reed, wanda ya zama Ministan Muhalli da Noma, ya tabbatar wa manoma cewa jam'iyyarsa ba ta da niyyar taɓa yafiyar. Da aka hau mulki sai aka ce an tarar da giɓin fam biliyan 22 a asusun gwamnati. A watan Maris na 2025 kuma aka rufe karɓar takardun sabon shirin tallafin noma na Ingila ba tare da sanarwa ba.

Amma inda tsarin ya fi muni shi ne kan tsofaffi. A dokar Birtaniya, kyautar da mutum ya yi shekara 7 kafin mutuwarsa ba a cajin ta. Manomi ɗan shekara 50 ba shi da damuwa sosai: ya miƙa wa ɗansa gona tun yanzu, ya sayi inshorar rai, shi ke nan. To amma shekara 30 ke nan lauyoyi da akantoci suna ba manoma shawara guda, cewa kada su miƙa, su riƙe har mutuwa, domin haka doka ta fi sauƙi. Suka bi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu gonakin ƙasar sun haura shekara 65. Yanzu a ce da ɗan shekara 85, ko mai ciwon daji, ya yi kyauta ya jira shekara 7? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ko ya miƙa, doka ta ce in ya ci gaba da zama a gidan kyauta ko cin ribar gonar, kamar bai bayar ba ne, alhali ba shi da wani fansho sai gonar. Sai aka wayi gari da wata rana a kalanda: wanda ya mutu kafin 6 ga Afrilun 2026 'ya'yansa ba za su biya komai ba, wanda ya kwana ɗaya bayanta za su biya dubban ɗaruruwa. Bradshaw ya kasa riƙe hawaye a gaban kwamitin majalisa a Disambar 2024 yana bayanin abin da wasu dattawa suka fara saƙawa a ransu. Ko masana da suka goyi bayan harajin, irin na cibiyar nazarin kuɗi ta IFS, sun ce ya kamata a yi wa tsofaffi hanyar fita. Gwamnatin da ta sa dattijo yana kallon tsawon ransa a matsayin asara ga 'ya'yansa ta yi kuskure, ko da lissafinta daidai ne.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noman Ingila haya ake nomanta. Ɗan haya ba shi da gonar da zai bari, amma in mai ƙasa ya mutu aka sayar don biyan haraji, shi za a ce ya kwashe kayansa. Sai matashin da ya karanta aikin gona, yana da ƙarfi da basira, amma ubansa direban bas ne. A farashin fam 10,000 kan eka, har ya tsufa ba zai mallaki abin da zai riƙe shi ba. Yafiyar da ke kare ɗan gado ita ce ke rufe wa wannan ƙofa. Manoman da suka ce su ba attajirai ba ne, gonar amana ce da za su miƙa wa na baya, gaskiya suka faɗa muddin ba su sayar ba. Ranar da magaji ya sayar, miliyan huɗun nan na takarda sun zama miliyan huɗu na gaske, ba a biya musu harajin gado ba, harajin ribar da ƙasar ta tara a rayuwar uban ma an shafe shi da mutuwarsa. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba a ɗaga ta a allo ba.

Abin takaici, maganin ba ɓoyayye ba ne, maƙwabta suna amfani da shi. A Ailan ana rage kashi 90 na ƙimar gona kafin a yi lissafin haraji, da sharaɗin cewa gonar ce mafi yawan dukiyar magajin, kuma ya noma ta ko ya ba manomi na gaske haya har shekara 6. In ya sayar kafin nan bai mai da kuɗin cikin wata gonar ba, a dawo a karɓi harajin. A Jamus magaji na samun yafiyar kashi 85 in ya riƙe sana'ar shekara 5, ko ɗari bisa ɗari in ya riƙe ta shekara 7. Wasu ƙasashen, irin su Ostareliya da Suwidin, sun soke harajin gado gaba ɗaya, amma wannan wata muhawara ce daban. A Birtaniyar kanta NFU ta kawo shawarar a bar gona ta wuce, a caji cikakken haraji idan magaji ya sayar cikin wasu shekaru. Lauyan haraji Dan Neidle, wanda da farko ya kare gwamnati, ya sake duba alƙaluma ya dawo yana ba da shawara mai kama da wannan. Masu bincike na cibiyar CenTax suka ce a duba ko gonar ce mafi yawan abin da mamacin ya bari, domin ta haka ake bambanta manomi da mai ɓoyon kuɗi. Duk waɗannan shawarwari tambaya ɗaya suke yi: wane ne wannan, kuma me zai yi da ƙasar? Gwamnati kuwa tambayarta ita ce nawa ƙasar take. Ta ƙi shawarar caji bayan sayarwa, ta ce ba za ta kawo kuɗi sosai ba.

Fiye da shekara guda Firaminista Keir Starmer yana cewa babu ja da baya. Kwamitin majalisa mai kula da noma ya nemi a jinkirta zuwa 2027, aka yi biris. Sai dai zaɓen 2024 ya ba Leba kujeru da yawa a karkara, inda ba ta saba ci ba, kuma waɗannan 'yan majalisa su ke komawa gida su haɗu da manoma a kasuwar dabbobi. A kasafin Nuwamban 2025 aka yarda rangwamen miliyan 1 ya riƙa komawa kan miji ko matar da ta rage. A farkon Disamba da dama daga 'yan Leba suka ƙaurace wa ƙuri'a, Markus Campbell-Savours mai wakiltar Penrith da Solway ya kaɗa ta ƙin amincewa, aka dakatar da shi. Ranar 23 ga Disamba, majalisa na hutu, jama'a na hidimar Kirsimeti, gwamnati ta sanar da ɗaga iyakar daga fam miliyan 1 zuwa miliyan 2.5, wato miliyan 5 ga miji da mata. Ta ce dukiyoyin manoma da abin zai shafa a shekarar farko sun ragu daga 375 zuwa 185. Dattijonmu mai eka 300 ya tsira, 'ya'yansa ba za su biya komai ba.

Manoma da yawa sun yi ajiyar zuciya, kuma sun cancanta. Amma ɗaga iyaka bai taɓa ainihin cutar ba. Attajirin birni da matarsa yanzu suna iya binne fam miliyan 5 a ƙasar noma ba haraji, abin da ya haura kuma su biya rabin abin da likita zai biya, ba tare da an tambaye su ko sun san bambancin alkama da sha'ir ba. Manomin gaske mai eka 1,000 a Lincolnshire, wanda ba shi da komai sai gonar, har yanzu 'ya'yansa za su yanki ƙasa su sayar. Matashin da ba shi da gadon gona yana nan inda yake. Reeves ta gano ciwon daidai, domin yafiyar 1992 ta mai da ƙasar noma ma'ajiyar masu kuɗi, kuma manoma ne suka fi cutuwa da tsadar da ta biyo baya. Amma ta auna mutane da kuɗin ƙasarsu maimakon aikin da suke yi a kanta, kuma gyaran Disamba bai sauya wannan ma'auni ba, matsar da shi kawai ya yi gaba.